Karkarwar Jiki Da Dare: A Auna Kafin A Yanke Hukunci

Hausawa kan ce dare mahutar bawa, amma a gidaje da dama dare ya koma lokacin zullumi. Mutum ya kwanta lafiya ƙalau, can tsakar dare ya farka jikinsa na karkarwa, zufa ta jiƙa masa riga, zuciya na dukan uku-uku. Wani kafin kiran sallar asuba ya wartsake kamar ba shi ba. Wani kuma sai an ɗauke shi ranga-ranga.

Abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Kafin gari ya waye 'yan gida sun riga sun raɗa wa ciwon suna. In ba a ce maleriya ce a aika yaro kyamis ba, to za a ce iska ce a nemo mai ruƙiyya. Idan kuwa mai karkarwar matashi ne ko matar aure, sau da yawa sai a ce tunani ne ya yi yawa, a ba shi haƙuri. A duk ukun an yanke hukunci alhali ba a auna komai ba.

Karkarwa alama ce kawai, kuma abubuwan da ke haddasa ta suna da yawa. Wasu ba su da illa, wasu na buƙatar kulawa ta dogon lokaci, wasu kuma kan iya kashe mutum kafin mai kyamis ya buɗe shago. Abin da ya kamata ya zama al'ada a kowane gida shi ne a auna zafin jiki, a auna suga, a gwada jini idan akwai zazzaɓi, sannan a yi maganar magani. Awo biyun farko ba sa ɗaukar minti biyar.

Me ke sa jiki karkarwa?

Hanyoyin da karkarwa ke bi ta bayyana ba su da wuyar fahimta. Ta farko ita ce neman ɗumi. Idan ƙwaƙwalwa ta ga jiki ya yi sanyi, ko kuma ƙwayar cuta ta sa ta ɗaga ma'aunin zafin da take so jiki ya kai, sai ta umarci tsoka ta riƙa motsi da sauri domin samar da zafi. Wannan ita ce rawar ɗari, wadda ake gani lokacin hunturu ko a farkon zazzaɓi.

Ta biyu ita ce fitar sinadarin adrenalin, wanda jiki ke saki idan ya hango haɗari. Shi ne ke sa zuciya gudu, hannu ya kama rawa, gaba ya faɗi. Jiki bai damu da ko haɗarin daga waje yake ko daga ciki ba. Ƙarar bindiga na sa ya saki adrenalin, tunanin bashi na sa ya sake shi, haka ma ƙarancin suga a jini. Shi ya sa mai firgici da wanda sugansa ya sauka suke kama da juna sosai a ido.

Ta uku ita ce rikicewar saƙonnin ƙwaƙwalwa, kamar yadda ke faruwa a farfaɗiya. Wannan fisga ce, ta bambanta da karkarwa, ko da yake cikin duhu da ruɗewa ba kowa ke iya bambancewa ba.

Saukar suga: haɗarin da ba ya jira

A cikin duk dalilan nan, saukar suga ce ya kamata a fara kawowa a rai, musamman idan mai karkarwar yana shan maganin ciwon suga. Dalili shi ne tana saurin yin illa, kuma ita ce mafi sauƙin ganowa da magancewa.

Ƙwaƙwalwa ta dogara kusan kacokan kan sugan da ke cikin jini, kuma ba ta da rumbun ajiya na kirki. Idan mutum yana barci, hanta ce ke sakin abin da ta tara a hankali har gari ya waye. A jikin mai lafiya wannan tsari na aiki yadda ya kamata, don haka ba kasafai kwana da yunwa kaɗai ke saukar da suga zuwa matakin haɗari ba. Matsalar kan taso ne idan akwai maganin da ke ci gaba da tura suga ƙasa alhali babu abincin da zai maye gurbinsa.

Likitoci na ɗaukar suga ya sauka idan na'ura ta nuna ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L a na'urorin da ke ƙirga da ƙananan lambobi. Idan ya yi ƙasa da 54 mg/dL, ko 3.0 mmol/L, lamarin ya yi tsanani. Daga nan sai ruɗewa, sai fisga, sai suma, kuma idan aka jinkirta ƙwaƙwalwa kan samu lahanin da ba ya gyaruwa.

Ba kowane maganin suga ke jawo haka ba. Metformin shi kaɗai da wuya ya saukar da suga fiye da kima. Waɗanda aka fi sani da hakan su ne allurar insulin da ƙwayoyi irin su glibenclamide da glimepiride, waɗanda ke tilasta wa jiki fitar da insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba. Glibenclamide na da araha kuma tana daɗewa a jiki, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna a jerin muhimman magungunanta cewa ba ta dace da waɗanda suka haura shekara 60 ba. Haɗarin na ƙaruwa ga mai ciwon ƙoda, domin maganin na daɗewa bai fita daga jikinsa ba.

A nan ne tsadar rayuwa ke shigowa cikin maganar. Likita ya rubuta magani ne bisa zaton marar lafiya na cin abinci sau uku. Gidan da ya koma cin sau biyu ko sau ɗaya ba ya komawa asibiti ya faɗi haka, wani don kunya, wani don rashin kuɗin mota. Dattijo zai haɗiyi ƙwayarsa yadda aka umarce shi, ya sha ɗan kunu ya kwanta. Manomi ko ɗan dako da ya wuni yana aikin ƙarfi ma yana cikin wannan haɗari, domin tsoka na ci gaba da zuƙar suga awanni bayan an ajiye aiki. Shan barasa da dare na ƙara dagula lamarin saboda tana hana hanta sakin suga. Haka nan haɗa maganin asibiti da jiƙe-jiƙen da ake tallatawa da sunan maganin suga, ba tare da likita ya sani ba.

Abin da ya sa dare ya fi haɗari shi ne barci na rage ƙarfin gargaɗin da jiki ke yi. Wanda da rana zai ji yunwa da jiri ya nemi abin ci, da dare yana iya zarcewa bai farka ba. Wasu da suka daɗe da ciwon, ko suka sha fama da saukar suga, jikinsu kan daina ba su alama gaba ɗaya. Magunguna irin su propranolol ma kan ɓoye karkarwa da bugun zuciya, su bar zufa kawai.

Saboda haka abokin kwana ne kan fara lura. Alamomin sun haɗa da zanin gado ya jiƙe da zufa ko da ana sanyi, yawan juyi, mugun mafarki, ihu cikin barci, da tashi da ciwon kai ko kasala da safe. Akwai kuma alamar da ke yaudarar iyalai: mutum ya farka yana surutai marasa kan gado, ya ƙi gane matarsa, ko ya yi ta fisge-fisge yana ture masu riƙe shi. Da yawa a nan ne ake cewa aljanu ne. Ƙwaƙwalwar da ke cikin yunwa haka take sa mutum ya yi.

Ba masu ciwon suga kaɗai abin ke shafa ba. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani na saukar da suga, musamman ga ƙananan yara da masu juna biyu, kuma maganin kwinin na ƙara hakan. Yaran da ke fama da tamowa na cikin haɗari, haka jariran da mahaifiyarsu ke da ciwon suga. Jaririn da ke karkarwa yana ƙin kama nono ba na jira ba ne. Babba kuwa da ba ya shan maganin suga amma awo ya nuna sugansa na sauka, yana buƙatar cikakken bincike, domin matsalar hanta ko ta ƙoda na iya zama sila.

Minti 15 da ke ceton rai

Idan mutum yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke koyarwa mai sauƙi ce. A ba shi kimanin giram 15 na sukari mai saurin shiga jini: babban cokali ɗaya na sukari ko zuma, ko ƙwayar sukari uku zuwa huɗu a narke a ruwa, ko rabin kofi na lemon kwalba mai zaƙi. Lemon da aka rubuta ba shi da sukari ba zai yi aiki ba. A jira minti 15 a sake aunawa. Idan har yanzu yana ƙasa da 70, a maimaita. Da zarar ya dawo daidai sai a ba shi abinci mai riƙe ciki, kamar burodi ko tuwo ko fura, don kada ya sake sauka.

Idan babu na'ura a gida, kuma an san mutumin na kan insulin ko waɗancan ƙwayoyi, a ɗauka sugan ne ya sauka a ba shi sukarin. Illar cokali ɗaya na sukari ga wanda sugansa ke sama ba ta kai ko kusa da illar barin wanda nasa ke ƙasa ba.

Idan kuwa ya suma ko ba ya iya haɗiya, kada a ɗura masa komai a baki, domin yana iya shaƙewa. A kwantar da shi a gefe guda a garzaya da shi asibiti mafi kusa, a kuma faɗa wa ma'aikata tun daga ƙofa cewa mai ciwon suga ne, a nuna musu magungunansa. Wanda glibenclamide ta saukar wa da suga yana buƙatar ganin likita ko da ya farfaɗo, saboda sugan na iya sake faɗuwa bayan wasu awanni.

Kuma duk wanda hakan ta same shi ko sau ɗaya ne, kada ya dakatar da magani da kansa, kada kuma ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Ya koma wurin likita ya faɗi gaskiyar yadda yake cin abinci, a daidaita masa magani. Wannan ya fi muhimmanci gabanin azumin Ramadan, lokacin da tsarin cin abinci ke sauyawa baki ɗaya. Ƙa'idojin da ƙwararru suka tsara wa masu ciwon suga sun ce a karya azumi idan suga ya yi ƙasa da 70 ko ya haura 300, kuma huda yatsa don awo ba ya ɓata azumi.

Damuwa ma ciwo ce

Bayan suga, damuwa ce dalilin da ake yawan ambata, kuma ita ce aka fi rainawa. Da rana hidima na ɗauke hankali. Da dare, idan gari ya yi tsit, sai kuɗin haya da na makaranta da rikicin gida su taso mutum a gaba. Jikin da ya daɗe cikin wannan hali kan kasance kamar mai gadi da ba a taɓa karɓarsa ba, adrenalin na fita ko da babu wani abin gudu.

Akwai nau'in firgicin da ke tayar da mutum daga barci ba tare da ya yi mafarki ba. Zai farka a razane, jiki na karkarwa, numfashi na sarƙewa, ƙirji ya yi nauyi, yatsu da leɓe su yi kamar ana tsira musu allura, ya ji tamkar ajalinsa ne ya zo. Yawanci abin kan kai ƙololuwa cikin kimanin minti 10 sannan ya lafa. Firgicin kansa ba ya kisa, amma tsoron dawowarsa na hana mutum barci, rashin barci kuma na ƙara janyo shi.

A Arewacin Nijeriya wannan magana na da nauyi na musamman. Akwai dubban mutane a Zamfara da Katsina da Sakkwato da suka kwana a daji suna gudun 'yan bindiga, akwai waɗanda aka sako bayan biyan kuɗin fansa, akwai kuma waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu a Borno da Yobe. Da yawa daga cikin hare-haren nan da dare ake kai su. Ba abin mamaki ba ne idan jikin wanda ya tsira ya ci gaba da ɗaukar duhu a matsayin alamar haɗari shekaru bayan faruwar abin. Mugun mafarki mai maimaita kansa, zabura idan an buga ƙofa, da karkarwa cikin dare alamomi ne da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani sarai, kuma suna da magani.

Wayar hannu ma na da nata kason. Wanda ya kwanta yana kallon bidiyon gawarwaki a WhatsApp ko cacar baki a Facebook da TikTok har ƙarfe ɗayan dare, ya shiga barci ne da zuciya a tashe.

Kurakurai biyu ake yi game da damuwa. Na farko shi ne gaggawar ɗora mata laifi. Ba a cewa damuwa ce sai an tabbatar suga lafiya, babu zazzaɓi, zuciya ma lafiya. Ciwon ƙirji da zufa ga mai hawan jini ko ciwon suga ko wanda ya manyanta, a ɗauke shi a matsayin matsalar zuciya har sai likita ya ce ba ita ba ce. Na biyu shi ne wulaƙanta mai ita bayan an gano ita ce. Ce wa mutum imaninsa ne ya yi rauni, ko ya cika raki, ba ya rage masa komai, illa ya sa ya ɓoye ciwon ya koma sayen ƙwayar barci a ɓoye.

Akwai abubuwan da ke taimakawa a gida. Idan abin ya taso, a tashi zaune, a ja numfashi a hankali ana ƙirga huɗu, a sake shi ana ƙirga shida, a maimaita na wasu mintuna. A ajiye waya kafin kwanciya, a tsayar da lokacin barci, a motsa jiki da rana, a kuma samu wanda aka yarda da shi a faɗa masa abin da ke ci a rai. Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ganin likita ba abin kunya ba ne. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Kaduna da Maiduguri da Kware da Dawanau suna duba masu damuwa da firgici da rashin barci da ke zuwa da ƙafarsu su koma gida a ranar.

Ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba

Idan karkarwar ta zo da jin sanyi har haƙora na haɗuwa, sannan jiki ya yi zafi, zufa ta biyo baya, to akwai yiwuwar ƙwayar cuta ce. Zaton maleriya ba laifi ba ne a ƙasar da ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya. Laifin shi ne tsayawa a zato. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gwada jini kafin a sha maganin maleriya, kuma gwajin gaggawa na ba da sakamako cikin minti 15 zuwa 20.

Rawar ɗari mai ƙarfi na iya fitowa daga cutar mafitsara da ta hau ƙoda, ko ciwon huhu, ko ƙwayar cuta da ta shiga jini. Wanda ya kwana uku yana shan maganin maleriya kan irin waɗannan, ya ba cutar kwana uku ne kyauta. Mai jegon da ta kama zazzaɓi da karkarwa a kwanakin farko bayan haihuwa tana buƙatar asibiti a ranar. Zufar dare da ta ɗauki makonni, tare da rama da tari na mako biyu ko fiye, na nuni ga tarin fuka, wanda gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware.

Abin da aka sha da abin da aka bari

Wani lokaci amsar na teburin mai shayi. Sinadarin kafin da ke cikin shayi da kofi da goro da lemukan ƙara kuzari na ɗaukar kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki. Wanda ya sha shayi mai kauri bayan isha'i ya ɗora lemon kuzari a kai, bai kamata ya yi mamakin rawar hannu da bugun zuciya da tsakar dare ba. Maganin asma irin su salbutamol ma na sa hannu rawa.

Akwai kuma karkarwar da ke zuwa idan jiki ya saba da wani abu aka yanke masa shi. Rahoton 2018 na binciken da aka gudanar tare da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya, kuma a shekarar ce gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Wanda ya saba da tramadol ko kodin ko diazepam ko barasa, idan ya rasa su, yakan kwana yana karkarwa da zufa. Yanke barasa ko diazepam farat ɗaya ga wanda ya daɗe a kai na iya kawo fisga mai haɗari. Iyayen da suka gano haka a tare da ɗansu su kai shi asibiti a janye shi a hankali. Kulle shi a ɗaki na iya zama ajalinsa.

Sauran dalilai a taƙaice

Zaburar da ake yi daidai lokacin da barci ya fara ɗauka, kamar an faɗo daga sama, abu ne da ke samun kusan kowa kuma ba shi da illa. Dannau, inda mutum ke farkawa ya kasa motsi na ɗan lokaci, na da alaƙa da ƙarancin barci da damuwa. Jin ƙafafu na son motsi da zarar an kwanta kan zo da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, musamman ga masu ciki. Matan da ke gab da daina al'ada kan ji zafi ya taso musu, zufa ta karyo, sanyi ya biyo baya. Rawar hannu da rama duk da cin abinci da rashin jure zafi na iya nufin halittar gaban wuya, wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, tana aiki fiye da kima.

Farfaɗiya kuwa na iya zuwa cikin barci kaɗai. Alamarta ita ce sandarewa da fisga, cizon harshe, sakin fitsari, da rashin tuna abin da ya faru. Ba a sa wa mai fisga cokali a baki, ba a danne shi. A kawar da abin da zai ji masa ciwo, a juya shi gefe. Idan fisgar ta wuce minti biyar, ko ita ce ta farko, ko mai ita na da juna biyu, sai asibiti nan take, domin jijjigar masu ciki na kashe uwa da ɗa.

Addu'a da awo ba sa karo

Babu mai hana iyali yi wa marar lafiyarsu addu'a, kuma malamai sun sha bayyana cewa neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Abin da ke jawo asara shi ne a kwashe awanni ana hayaƙi da tofi a kan wanda sugansa ke ƙasa da 54. Masu ruƙiyya da limamai na da rawar da za su taka a nan, domin su ake fara kira. Tambaya guda, ko marar lafiyar na shan maganin suga, ta isa ta sauya yadda daren zai ƙare.

Nauyin da ke kan hukumomi

Kiran a auna ba shi da amfani idan babu abin awo. Na'urar auna suga ba ta fi tafin hannu ba, amma tsinken gwajinta ana amfani da shi sau ɗaya ne, kuma kuɗinsa na hana masu ƙaramin ƙarfi yin awo a kai a kai. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, Dokar Kuɗi ta 2021 ta sa harajin Naira 10 kan kowace lita ta lemo mai zaƙi, sannan dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya. Ya dace a ga tasirin waɗannan a ƙaramin asibitin unguwa: na'ura mai aiki, tsinken da bai ƙare ba, ruwan suga na ƙari, da ma'aikacin da ke bakin aiki da dare. Hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi su tabbatar tsinken gwaji na cikin abin da suke biya wa masu ciwon suga.

Masu kyamis su ne likitan farko ga miliyoyin mutane, ko an so ko an ƙi. Majalisar da ke kula da harkar magunguna da ma'aikatun lafiya na jihohi su horar da su kan gane alamomin saukar suga, su kuma tsaurara kan sayar da maganin suga da na barci ba da takardar likita ba. Likitoci da ma'aikatan jinya, su ma, su riƙa tambayar marar lafiya sau nawa yake ci a rana kafin su rubuta magani, su kuma koya wa matarsa ko ɗansa abin da za a yi, tunda mai suma ba ya ceton kansa.

Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ba za ta amfani ɗan gudun hijira a Anka ko Monguno ba sai an kai wannan kulawa cibiyoyin matakin farko da sansanoni, da harshen da mutane ke ji.

A matakin gida kuwa, abin da ake buƙata bai da yawa. Gidan da ke da mai ciwon suga ya ajiye sukari da na'ura kusa da gado, kowa ya san inda suke. Wanda karkarwa ke damunsa ya riƙa rubuta lokacin da ta zo, abin da ya ci, abin da ya sha, da abin da awo ya nuna, ya tafi wa likita da shi. Jiki magayi ne, kuma idan ya yi magana da tsakar dare, hakkinsa ne a saurare shi da awo tun kafin a raɗa wa ciwon suna.